Ɗabaƙoƙin Masu Hayar Mota a Tsibirin Madera

Daga cikin tsibiran da manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa ke yada zango a kansu, da wuya a sami wanda ya kai Madera iya tona asirin halin ɗan Adam. Tsibiri ne na ƙasar Fotugal a cikin tekun Atlantika, kusan kilomita 1,000 daga Lisbon, wanda tsawonsa bai wuce kilomita 57 ba, faɗinsa kuwa 22, amma Allah cikin ikonsa ya cunkusa masa duwatsu har mafi tsawonsu, Pico Ruivo, ya haura mita 1,860, ta yadda da zarar mutum ya ba teku baya sai ya sami kansa yana hawa. Jirgi kan iso Funshal, babban birnin tsibirin, da sassafe, ya juye dubban mutane a gaɓa, sa'an nan a kafa allo a bakin tsanin sauka mai faɗin sa'ar da ta wajaba kowa ya dawo, galibi rabin sa'a kafin tashi. Masu son kwanciyar rai sukan biya kuɗin motar yawon da jirgin ya shirya, saboda sharaɗin da kowa ya sani, watau idan ita ce ta makara za a jira ta, amma wanda ya fita bisa raɗin kansa, to, babu wani alkawari tsakaninsa da kyaftin. Sauran kuwa, waɗanda ke ganin zama a bas ɗaya da mutum hamsin ƙasƙanci ne, su ne ke nufar ofisoshin hayar mota. Kuma sa'o'i bakwai ko takwas, da motar da ba taka ba, da dutsen da ba ka san halinsa ba, sun isa su rarraba jama'a ɗabaƙa-ɗabaƙa fiye da yadda malaman tarihi suka rarraba mazan jiya.

Wanda ya fi cancantar a fara da shi shi ne mai waswasi, domin shi ne kan riga kowa isa ofis, shi ne kuma na ƙarshen fita daga cikinsa. Wannan bawan Allah ya ji labari, kuma labarin ba ƙarya ba ne, cewa kamfanin haya kan riƙe kuɗi masu yawa a katin bankin mutum a matsayin jingina, da cewa inshorar da ke cikin ainihin farashi sau da yawa ba ta ɗaukar lamunin taya, ko gilashi, ko ƙarƙashin mota. Saboda haka sai ya ɗauki takardar ijara ya karance ta, matani da hashiya, har da ƙananan layukan da su kansu marubutansu ba su yi zaton wani mahaluki zai duba ba, sa'an nan ya shiga jero mas'aloli ga akawun da ke gabansa: «Yallaɓai, idan dutse ya gangaro daga sama ya fasa gilashi, wa ke da lamuni? In kuwa saniya ce ta goge madubi fa?» Akawu, wanda ya ga layin mutane ya kai bakin ƙofa, ya ce, «Ranka ya daɗe, ka sayi cikakkiyar inshora ka huta.» Shi kuwa ya kafe a kan cewa wannan cin dukiyar mutane ne ba da haƙƙi ba, ya kawo dalilai na hankali da na lissafi, ya yi jayayya har muryarsa ta dushe, daga bisani ya saya. Ba a nan ya tsaya ba: sai ya fita wurin motar ya kewaye ta yana ɗaukar hoton kowane ƙarzane, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe but ya ƙirga kayan canjin taya, alhali iyalinsa na tsaye a rana suna duban dutsen da suka zo dominsa yana lulluɓa da gajimare. A bayansa cikin layi akwai kishiyarsa, wanda ke sa hannu a duk inda aka nuna masa da yatsa, ya kira wannan tawakkali. Hisabinsa sai bayan wata guda, ran da takardar banki ta iso.

Sai gwanin giya. Yawancin motocin haya masu araha a tsibirin ƙanana ne, masu ƙaramin inji, na giyar hannu. Masu canja giya da kansu kaɗan ne, sun fi tsada, kuma wanda bai kama tasa tun da wuri ba sai ya taras an kwashe. Gwanin namu, wanda galibi daga Amurka ya fito, rabonsa da taka kuloci tun yana saurayi, amma da matarsa ta tuna masa haka sai ya ɗaga kafaɗa ya ce abin da ƙafa ta koya ba ta mantawa. A bakin teku da'awarsa takan tsaya da ƙafarta. Jarrabawa tana farawa ne a hanyar Monte, unguwar da ke saman birnin, inda titi ke miƙewa sama ba sassauci, kuma a daidai wurin da hawan ya fi tsanani ne ƙaddara kan ajiye mahaɗar hanya da ta wajabta tsayawa. Nan mota ta mutu, ya tayar, ta sake mutuwa, ta fara silalowa da baya zuwa ga wata bas da direbanta ya ga irin wannan sau ba adadi, har ya daina ko da danna ham. Ƙaurin kuloci ya cika unguwa, gwani kuwa ya yanke hukuncin cewa motar ce aka ba shi mai aibi. A gangara ma bai tsira ba, gama maimakon ya sa giya ta biyu inji ya riƙe masa mota, sai ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga ƙoli har birkin ya yi zafi ya fara sanyin kamu. Abin da ya fi ban dariya shi ne a wannan unguwa ta Monte akwai mutane masu fararen tufafi da malafa waɗanda, tun ƙarni na 19, sana'arsu ita ce gangaro da baƙi cikin kwandon saƙa mai ƙafar katako, tafiyar kilomita biyu, ba su da wani birki sai tafin takalmansu, amma sun fi shi mallakar abin hawansu. Ɗan'uwansa na Ingila ya iya giya sarai, illa dai hannunsa na hagu ne ya saba da ita, don haka duk sa'ad da ya tashi canjawa sai ya dafe ƙofa.

Akwai kuma muƙallidi, wanda ya miƙa wuya ga muryar da ke fitowa daga wayarsa, ya rufe wa kansa ƙofar ijtihadi baki ɗaya. Gwamnatin tsibirin ta fafe duwatsu ta yi hanyoyin ƙarƙashinsu fiye da ɗari, har tafiyar da a da kan cinye yini ta koma ta sa'a guda. Ita kuwa waya ba ta san komai ba sai gajarta. Idan ta bi da shi babbar hanya, sai mutumin da ya biya kuɗi don ya ga halittar Ubangiji ya wuni yana kallon bangon siminti da fitilu. Idan kuwa ta ga wani lungu da zai rage masa minti biyu, sai ta karkatar da shi cikinsa, tsakanin gonakin ayaba, inda faɗin hanya bai fi faɗin motar da taƙi ɗaya ba. Allon hukuma ya ce kada a shiga, wata tsohuwa a ƙofar gidanta tana kaɗa masa hannu alamar ya koma, matarsa ta ce, «Maigida, anya kuwa?» Duk waɗannan hujjoji uku bai ga sun kai nassin waya ƙarfi ba, har sai lungun ya ƙare a gindin matakala, sa'an nan ya fara koyon tuƙi da baya a kan gangara.

Mai haɗama shi ne wanda na fi tausaya wa iyalinsa. Tun a jirgi ya shimfiɗa taswira ya auna ta da yatsa, ya ga tsibirin ɗan mitsitsi ne, bai san cewa kilomita ashirin na kwana-kwanar dutse ba ɗaya suke da ashirin na fili ba. Ya rubuta jadawali: Câmara de Lobos, ƙauyen masunta inda Churchill ya zauna yana zane a 1950; Cabo Girão, gaɓar dutse mai tsayin mita 580 wadda aka yi wa daɓen gilashi a 2012 don mutum ya tsaya ya ga teku a ƙarƙashin ƙafarsa; sa'an nan Curral das Freiras, da mashigin Encumeada, da tafkunan dutse na Porto Moniz a can ƙuryar arewa maso yamma, da gidajen jinka na Santana a ɗaya gefen, kuma duka kafin la'asar. Kowane wuri ya yanka masa minti biyar, yana tsaye mabuɗi a hannu, injin ma bai kashe ba. A Eira do Serrado, inda ake leƙa kwarin Curral das Freiras daga sama, yaransa ba su gama fitowa daga mota ba ya ce a koma. Ina kyautata zaton matan zuhudun nan da suka gudo kwarin a 1566, 'yan fashin teku na Faransa na wawashe birni a bayansu, sun fi iyalinsa samun sukunin duban wurin. Abokin gabarsa shi ne bawan agogo, wanda jirginsa sai ƙarfe biyar zai tashi amma tun sha ɗaya na safe ya fara cewa a juya, ya dawo da mota da azahar, ya zauna a kujerar jirgi yana jin daɗin hikimarsa.

Ba direbobi kaɗai ke da ɗabaƙa ba. A kujerar gaba akwai mai birkin gaibu, wadda ke taka daɓen mota da iyakar ƙarfinta a kowace kwana, hannu ɗaya a maƙale da mariƙin sama, ɗaya a kan ƙirji, tana jan numfashi mai ƙara wanda ya fi kwanar kanta firgita direba. Kuma adalci ya wajabta a ce ita ce ke gefen rami, ita ke ganin abin da shi ba ya gani. A baya akwai mai tashin zuciya, wanda ya yi mako a kan teku lafiya lau, sai ga shi tudu ya kayar da shi. Kusa da shi mai hoto ke zaune, wanda kalmarsa ɗaya ce, «Tsaya nan!», kuma bai taɓa faɗinta a wurin da tsayawa ta halatta ba.

Maƙasudin akasarinsu dai Pico do Arieiro ne, mai tsayin mita 1,818, saboda mota na kaiwa har dab da ƙolinsa. Sanannen abu ne cewa zafi na raguwa da kimanin digiri shida a kowace mita dubu ta hawa, amma wannan ilmi bai taɓa hana kowa zuwa da gajeren wando da silifa ba. Wanda aka yi wa gamon katar yakan huda gajimare ya fito samansa, ya ga rana tarwai, da kawunan duwatsu a tsaitsaye, da farin girgije shimfiɗe a ƙarƙashinsa kamar audugar da aka baza a kan tabarma, har wanda ba ma'abocin tasbihi ba ne ya sami bakinsa yana yi. Wanda kuwa rabonsa ya gaza, a cikin girgijen zai tsaya, ba ya ganin ko motar da ya fito daga cikinta, alhali akwai kyamarori a ƙolin da kowa ke iya dubawa ta intanet tun yana gaɓa. A nan ne ake samun mai shaidar zur: ya yi rawar ɗari minti uku, ya shiga kanti ya sayi katin hoto, da dare kuma a teburin cin abinci ya siffanta wa jama'a abin da ya gani dalla-dalla, kwari da ƙoli da launin sama, riwaya mai daɗin ji wadda isnadinta ya tsaya a kan mai kantin.

Na ƙarshensu a zahiri da ma'ana shi ne mai makara, kuma sau da yawa mai haɗaman nan ne ya sauya suna. Sharaɗin haya ya ce a dawo da tanki cike yadda aka karɓa, ga shi bai san inda gidan mai yake ba, titunan tsakiyar Funshal kuma da yawansu hanya ɗaya ce, sai ya riƙa hango jirginsa ta tsakanin gine-gine yana kewaya shi ba ya isa. A cikin jirgi an fara kiran sunansa da lasifika, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Fasinjojin da suka dawo da wuri sun jeru a barandunsu, gama wannan kallo ne da ba a biyan kuɗinsa, kuma akwai waɗanda ba sa fashinsa a kowace tasha. Can sai ga shi ya ɓullo ta wajen gidan tarihin Cristiano Ronaldo, ɗan wannan birni, yana gudun da bai yi irinsa ba tun yana makaranta, jaka na dukan bayansa, uwargida na biye tana riƙe da takalmanta a hannu, dubban mutane na tafi da sowa. Idan ya taka tsani kafin a janye, ya zama gwarzon daren. Idan kuwa ya taras an kwance igiyoyi, to, sai wakilin jirgi na tashar ya tarye shi, ya nuna masa hanyar filin jirgin sama, wanda shi ma tun 2017 sunan Ronaldo yake ɗauke da shi, kuma wani sashen titinsa a kan ginshiƙai 180 yake tsaye a bakin teku. In jirgin ruwan Tenerife ya nufa, gobe ma sa haɗu. In kuwa lokacin kaka ne, sa'ad da jirage ke tsallaka Atlantika zuwa tsibiran Karibiyan, to, kayansa da maganinsa na hawan jini za su yi kusan mako suna yawon shaƙatawa ba tare da shi ba, kuma kuɗin tikiti daga aljihunsa zai fito, da na kwanan otal, da na rabin tankin da bai samu ya cika ba.