Kifi Ya Yi Ƙasa, Hali Ya Taso

Da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, an kaɗe riɗi, an kai zoɓo kasuwar Maigatari, sai wata lalura ta kama wasu magidanta a ƙasar Kanya Babba da Ɓaɓura, har zuwa Roni da Gwiwa: sha'awar su. Ga ɗan kuɗi a aljihu, ga aikin gona ya ɗaga ƙafa, ga maƙogwaro yana marmarin romo. Sai dai ƙasarmu jigawa ce, rairayi da gero. Ruwanmu kududdufi ne da tafkin damina, kuma kafin Nuwamba ta fita yawancinsu sun koma taɓo, sai yara su bi da fartanya suna tonon gaiwa, wadda ta shige laka ta naɗe tana jiran wata daminar. Duk mai son ya ji jirgi yana lilo a ƙarƙashinsa dole ya hau babur ya nufi madatsar Muhammadu Ayuba a Kazaure, ko ta Tomas ta wajen Dambatta. Albarkacin shirin datse koguna ne da Audu Bako ya faro a tsohuwar Jihar Kano, tun muna cikinta, kafin a yanke Jigawa a 1991. Shi don noman rani da ruwan sha ya yi. Bai san ya buɗe wa manoman tudu wata sabuwar ƙofar wahala ba.

Abin dariyar shi ne, lokacin da mutanenmu ke samun sukuni shi ne lokacin da kifi ke ja da baya. Ya yi ƙiba da daminar, babu musu, amma zafin jikinsa na ruwa yake bi. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, ruwa ya yi sanyi, sai karfasa ta rage ci, tarwaɗa ta lafe a ƙasa, kowa ya nemi zurfi. Mai kalli da mai taru suna samun rabonsu, domin raga ba ta tambayar kifi ko yana jin yunwa. Mai fatsa kuwa sai ya yi ta zama. To ka tara maza biyar ko shida a kwale-kwale ɗaya, ba wurin miƙe ƙafa, ba wurin gudu, ƙugiya ta ƙi motsi tun hantsi har azahar, ka ga abin da zai taso.

Wanda za ka fara ji tun kafin ka gan shi shi ne Mai Labari. Ya taɓa zuwa Argungu sau ɗaya, kallo, kuma tun daga ranar yake jin yana da jini da Sarkin Ruwa. Zai gaya maka a 1934 aka fara bikin, kuma gaskiya ne. Zai gaya maka kifin da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78, wannan ma gaskiya ne. Sai ya ƙara da cewa da shi aka ɗaga kifin zuwa kan sikeli, to a nan gaskiya ta sauka daga jirgi. Mai Labari bai taɓa fita ya rasa kifi ba. Kullum kifin kuɓuce masa yake yi. Da safe wanda ya tsinke masa zare bai wuce kamu ɗaya ba. Kafin la'asar ya kai gaba guda. In aka isa majalisa bayan isha, kifin ya ja jirgin da mutum shida har tsallake, kuma ya waiwayo ya dube shi ido cikin ido kafin ya nutse. Kada ka yi musu da shi, yana da shaida, shaidar kuwa ta rasu bara.

Daga shi sai Matsoraci, wanda aka ja da baki tun daga gida. Shi a tsakiyar jirgi yake zama, hannu biyu riƙe da baki biyu, bai taɓa fatsa ba kuma ba shi da niyya. Ya karanta addu'ar hawa abin hawa, ya karanta ta shiga kasuwa, ya haɗa da ta shiga bayi don kada a bar wata ƙofa a buɗe. Duk bayan ɗan lokaci sai ya tambayi matuƙi, "Baba, nan wurin zai shanye mutum?" In Baba ya ce zai shanye raƙumi da mahayinsa, sai ya ce ai shi ma tambaya kawai ya yi. In wani ya yi atishawa jirgi ya karkata, sai ka ji ya fara wasiyya: wane yana bin sa mudu biyu na wake, a biya.

Ana yi masa dariya, ni ma ina yi, amma a jirgin nan kaf shi ne mai hankali. Yawancin masu dariyar ba su iya iyo ba, kuma babu mai rigar kariya ko ɗaya. Wanda ya tuna jirgin da ya kife a madatsar Watari ta Ɓagwai ranar 30 ga Nuwamban 2021, cike da fasinja, akasarinsu yara 'yan Islamiyya, ya san ruwan da ake gani kwance ba abin wasa ba ne. Matsoraci ne kaɗai ke ƙirga kawuna kafin a tashi, ya ce an yi yawa. Ba a taɓa saurarensa.

Sai Yallaɓai. Ma'aikaci ne, daga Dutse ko Kano ya zo hutun ƙarshen mako, da wando mai aljihu ta ko'ina, da hular hana-salla, da sandar fatsa mai injin naɗe zare wadda ya yi oda ta intanet, da akwati cike da kifayen roba masu walƙiya. Iliminsa na su daga YouTube ya samo shi. Ya kalli Turawan Amurka da Kanada suna fita tafkin Erie a ƙarshen kaka, sun naɗe cikin rigunan sanyi, a jirage masu inji da na'urar da ke nuna ƙasan ruwa a allo, suna farautar wani kifi da suke kira bas mai ƙaramin baki. Ya san komai game da kifin nan: in sanyi ya shigo garke yake yi a zurfi kusa da duwatsu, yana ci sosai kafin ruwa ya daskare, kuma in ya ji ƙugiya tsalle yake yi sama da ruwa. Ya san mafi girman da aka taɓa kamawa a tafkin Dale Hollow ne a 1955, kilo biyar da ɗoriya. Mai Labari da ya ji haka sai ya ce irin wannan a Argungu yara ake bai wa su yi wasa. Abu ɗaya ne ya ɓace wa Yallaɓai: kifin nan babu shi a Kazaure, babu shi a Tomas.

"Baba," in ji shi, "ka san a can in sun kama, sai su auna, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa?"

Baba ya dakata da filafili. "Su mayar? Ruɓaɓɓe ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To haramun ne a addininsu?"

"A'a, Baba, nishaɗi ne kawai."

"Su sayi mai, su sha sanyi, su kama, su saki." Baba ya mayar da filafili ruwa. "Allah Ya ba su lafiya."

A yi wa Yallaɓai adalci, karatunsa bai yi ƙarya ba. Kifinmu ma zurfi yake nema da sanyi, kuma garke yake yi. Bambancin shi ne abin da Bature ke gani a allo, Baba ya riga ya haddace shi da gwangwala: ina tsohuwar hanyar kogi ta bi kafin a datse, ina kwari, ina kututturan itatuwan da ruwa ya cinye. Kututturan nan su ne manyan abokan cinikin Yallaɓai. Ya wurga kifin roba, ya ji nauyi, ya miƙe tsaye yana kabbara, Matsoraci yana salati, a ja a ja, zare ya tsinke. Kowane ɗaya da ya bari a ƙasa kuɗinsa ya isa cefanen kifi na mako. In Allah Ya taimake shi ya haƙura ya karɓi tana a hannun yaron Baba, sai ƙurungu ya kama. Ya sa hannu da murna, ƙurungu ya yi gurnaninsa ya miƙe ƙaya ya soke shi a tafi. Nan take kifi ya koma ruwa. Yallaɓai ya ce ai da ma tsarin Amurka yake bi.

Mai Laƙani ba ya shiri da Yallaɓai, ko da yake sana'arsu ɗaya: dukansu sun zo da kaya, kuma dukansu za su koma hannu rabbana. Shi nasa kayan layu ne a damtse, da wani ƙullin gari da yake barbaɗawa a ruwa yana motsa baki. Dokokinsa sun fi na hukuma yawa. Kada a yi fito, kada a nuna ruwa da yatsa, kada a ƙirga abin da aka kama, kada a ambaci sunan kada. In an samu, aikin laƙani ne. In an rasa, wani ne ya shigo jirgi ba tsarki, kuma yana faɗa yana kallon Acici.

Acici kuwa bai ji ba, bakinsa a cike yake. Ya zo da rogo da ƙuli da yaji da rake, ya gama da nasa tun kafin a bar gaɓa, ya bi ta kan na Matsoraci wanda tsoro ya hana shi ci, har an taɓa kama shi yana ɗanɗana ƙullin dusar da aka dafa don gura. Kusa da shi Mai Waya ne, wanda bai zo don kifi ba, ya zo ne don a san ya zo. Ya ari tarwaɗar wani ya miƙo ta gaban kyamara har ta fi kansa girma, ya saka a TikTok. Ranar da jirgi ya ɗebi ruwa, kowa yana kwarfa da ƙoƙo, shi yana kukan caji ya ƙare. Ana ruwa ya ci makaɗi, yana ganga ta jiƙe. Akwai kuma Mai Barci, wanda ya ɗaura zare a babban yatsan ƙafa ya rufe fuska da hula. Abin haushin, shi ne kan kama ragon ruwa.

Akwai ɗaya da ba ya ba ni dariya. Ba ya shiga jirgi da rana, sai ya faki ido. Gidan sauron da aka raba kyauta don kare 'ya'yansa daga zazzaɓi shi ya ɗinke ya mayar taru, yana share gaɓa da shi, yana kwashe 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba. Wani ma maganin ƙwari yake zubawa a lungun ruwa, da safe ya tsince abin da ya taso, ya kai kasuwa mutane su ci. Doka ta hana, Sarkin Ruwa ya hana, masunta na gaskiya sun tsane shi. Kuma in ka zauna da shi, shi ne mai fi kowa ƙorafin cewa kifi ya ƙare a dam, ba irin na da ba.

Baba matuƙi dai ba ya cikin masu ƙorafi, ba ya ma cikin masu magana. Ƙafarsa ta yi kaushi, hannunsa duk tsagar zare. Shi ya gama sunsa tun kafin baƙi su karya: ya shimfiɗa kalli da yamma, ya dasa gurarsa da dusa a ciki, ya fito da asuba cikin hazo ya ɗaga, ya miƙa wa dillalai da masu banda, ya sha kokonsa. Wannan fita ta hantsi kasuwa ce ta biyu. Ya lura tuntuni cewa da hunturu kifi wuyar kamu gare shi, amma ɗan birni da manomin da ya sayar da riɗi da ƙafarsu suke zuwa, har su biya kuɗin jirgi. Yana kai su inda ruwa ya yi kyau a hoto. Inda kifin yake kuwa, wannan tsakaninsa da ɗansa ne. In an matsa masa da tambaya sai ya ce, "Alhaji, rabo ne," ya ci gaba da tuƙi.

A gaɓa akwai mai jira, wanda bai jiƙa ko ƙafa ba. Da jirgi ya matso sai ya ruga ya kama igiya, ya ce sannunku da ruwa, ya tsaya kusa da kwando har sai an ji kunya an ba shi biyu. A ƙarshen yini sau da yawa ya fi Yallaɓai da Mai Laƙani samu in an haɗa su.

Saura wanda ya yi wa gida alkawari. Tun da asuba ya ce wa uwargida kada ta sayi nama, ta tanadi tattasai da daddawa kawai. Yanzu magariba ta gabato, kwando wayam. Mai dabara a cikinsu yakan sayi karfasa a hannun dillalan bakin ruwa, ya ɗan shafa mata laka, ya shiga gida yana ɗingishin gajiya. Amma akwai wanda ya tsaya jin ƙarshen labarin Mai Labari har dillalai suka watse. Sai a hanya ya tsaya wurin mai kifin ƙanƙara, ya sayi taitus uku, irin wanda ake shigowa da shi daga teku a kwali, ya rataya a hancin babur don iska ta narkar da shi kafin Kanya Babba. Ya yi sallama, ya dire leda a gaban murhu, ya ce yau ruwa ya yi albarka.

Uwargida ta buɗe, ta juya kifin, ta ga zanen bayansa, ta taɓa cikinsa ta ji sauran ƙanƙara.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," ta ce. "Ashe sanyin bana har ya kai haka a Kazaure."