Masu Marsandi Dangi-Dangi Ne

A titin da ya taso daga PZ ya ratsa Kwangila ya miƙe Samaru, kowace mota mota ce, ban da Marsandi. Idan ta gifta ba a tambayar ƙirarta, sai dai a ce "wane ne?" Mai shayi ya ɗaga kai, maroƙi ya gyara murya, ɗan acaba kuwa ya kauce da sauri don ya san fitilarta ɗaya ta isa ta cinye masa cinikin wata guda. Daga nesa sai ka ɗauka masu ita jama'a ɗaya ce. Ka matso kusa ka ga ashe dangi-dangi ne, wasunsu ma ba sa ga maciji da juna.

Dattijonsu shi ne tsohon malamin jami'a na Samaru. Tasa ita ce mai ƙirar W123, wadda aka ƙera kusan miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986. Ya saye ta sabuwa fil da rancen mota, zamanin da naira ta fi dala daraja, kuma har gobe yana da littafin da yake rubuta ranar kowane juyen baƙin mai. Da hannu biyu yake riƙe sitiyari. Ba ya wuce kowa a hanya, sai dai mai amalanke, shi ma sai ya yi masa sigina. Haɗarinsa ɗaya ne: kada ka kuskura ka ce, "Farfesa, har yanzu tana nan?" Ka ɓata yammacinka ke nan. Zai kashe injin, ya fito, ya jingina da ƙofa, ya faro maka daga ranar 29 ga Janairu, 1886, da Karl Benz ya nemi rajistar kekensa mai ƙafa uku da injin a birnin Mannheim. Ya wuce kan Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, waɗanda ke nasu ƙere-ƙeren a Cannstatt, gefen Stuttgart. Ya gaya maka kamfanonin biyu ba su haɗe ba sai 1926, bayan yaƙin duniya na farko ya bar Jamus a durƙushe, kuma a lokacin Daimler ya shekara 26 a kabari. Idan ka fara duba agogo, sai ya shafa tauraron da ke kan hancin motar ya ce tsininsa uku na nufin ƙasa da ruwa da sararin sama. Kana cewa "to, Farfesa, bari in kama hanya," zai riƙe maka hannun riga don ka ji labarin Emil Jellinek, attajirin da ya yi odar motoci 36 a wajen kamfanin Daimler a 1900, da sharaɗin a sa musu sunan 'yarsa Mercédès, yarinya 'yar shekara 10. Wannan gaɓar ce ta fi masa daɗi, musamman idan akwai wani Alhaji a kusa da zai ji.

Farfesa yana da tsohon miki kuma. Bayan an harbe Janar Murtala Muhammad cikin baƙar Marsandinsa a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Obasanjo ta mai da manyan ma'aikata hawa Fijo 504, wadda ake haɗawa a Kakuri ta Kaduna tun 1975. Abokan aikinsa da suka bi yayi suka sayi Fijo, bai yafe musu ba. Yakan lissafa su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare da tambayar da ba ya jiran amsarta: "Ina motocin nasu yanzu?"

Alhajin hatsi na Sabon Gari bai san Mannheim ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da ya sani shi ne "ƙarfen Jamus." Soyayyarsa da kamfanin ta samo asali ne daga roka, babbar motar nan 911 mai gajeren hanci, wadda mahaifinsa ya yi safarar masara da ita, irin motocin da kamfanin ANAMMCO ya fara haɗawa a Emene ta Inugu a 1981. Don haka da ya sayi V-boot, wato W124 da ta fito a 1984, bai ga dalilin da zai sa ya raga mata ba. Ranar kasuwar Giwa za ka gan ta tana dawowa gindi a ƙasa, hanci a sama: buhu biyu a but, ɗaya a kujerar baya, rago ɗaure a tsakanin ƙafafun yaronsa. Injiniyoyin Stuttgart sun ɓata shekaru suna lissafin yadda waifa guda ɗaya tal za ta share kusan duk gilashin gaba, tana miƙewa tana lanƙwashewa. Ta Alhaji ta mutu tun damina ta wancan zaɓen, yaronsa ne ke leƙo da hannu da tsumma. Amma motar tana tafiya, kuma ni a ganina shi ne ya fi kowa girmama ta, tunda shi kaɗai ya yarda da ita har ya gwada ta.

Sai kuma saurayin C300 ko GLK, wanda ake gane shi tun kafin a ga motar. Mukulli ne ke yi masa sallama. A gidan cin abinci kan tebur yake ajiye shi, tambari yana kallon sama. A masallaci ma ba ya sa shi aljihu, a gabansa yake, dab da inda goshi zai sauka. Da la'asar sakaliya yana fakin kusa da ɗakunan kwanan 'yan mata na jami'a, Amina ko Ribadu, gilashi a rufe, kiɗa na tashi. Kafin ƙarshen Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, saurayi yana iya zagaya Zariya sau uku don kawai a gan shi. Aka janye tallafi, a 2024 lita ta haura naira 1,000, injin mai silinda shida kuwa bai ji labarin an canza gwamnati ba. Yanzu idan ya shiga gidan mai, sai ya sauke gilashi kaɗan, ya rage murya yadda na bayansa ba zai ji ba. Idan yarinya ta ce zafi ya dame ta, sai ya ce ai likitoci sun ce sanyin mota yana kawo ciwon haƙarƙari. Daga Litinin zuwa Alhamis a kan acaba za ka same shi, da mukullin a hannu.

Wanda ya sayar masa da ita wani dangin ne. Dillali ba ya mallakar Marsandi, amma duk wadda ta shigo garin sai ta bi ta harshensa. Kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, kowace mota "yanzu ta sauka daga Kwatano." Yau kuma "daga Amurka kai tsaye," ba tare da ya ambaci cewa da yawa daga irinsu gwanjonsu aka yi bayan hatsari ko ambaliya ba. Labarinsa bai taɓa canzawa ba: wata tsohuwa ce ta hau ta, coci kawai take zuwa da ita ranar Lahadi. Wannan tsohuwa, in aka bi lissafin dillalan Zariya, ta fi kowa motoci a duniya. "Alhaji, fentin farko ne, ba a taɓa kwance injin ba. Mai kawai za ka zuba ka wuce Kano." Yana karɓar la'ada, wayarsa ta daina shiga.

Mai aro ba ya buƙatar dogon bayani. Ranar ɗaukar amarya yake bayyana, cikin shadda mai sitaci, gwiwar hannu a taga. Ana gane shi ne a bakin ƙofar gidan surukai, inda yake lalube yana neman burkin hannu, bai san a irin wannan mota da ƙafa ake taka shi ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi ba ni dariya, yana cikin lungunan Jushi. Marsandinsa tana ƙofar gida, a kan bulo huɗu, tun yaran da ke wasan ɓuya a bayanta ba a haife su ba. Tayoyin suna ɗaki "don kada rana ta ɓata su." Kaza ta yi kwanci a kujerar baya ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta ma sun yi. Uwargida tana shanya kuɓewa a kan but. Duk da haka kowace Juma'a da safe sai ya fito da bokiti ya wanke ta, ya goge tauraron da gefen rigarsa. Masu sayen ƙarafa sun zo, 'yan Fanteka daga Kaduna sun zo, wani ma daga Ƙofar Ruwa ta Kano ya aiko a tambaya ko zai sayar da giyabos kawai. Amsarsa ɗaya ce: "Ba ta mutu ba. Abu ɗaya ya rage." Shekara goma sha ana jiran abu ɗayan nan. A unguwa kuwa da ita ake kwatance, "ka wuce masallaci, gidan mai Marsandi," kuma ina jin wannan ne ainihin aikin da take yi masa. Da ya sayar, ya koma Malam wane kawai. Ranar da aka zo neman auren 'yarsa, sai da ya sa aka mayar da tayoyin.

Akwai Hajiya mai tuƙa tata da kanta, malamar asibiti a Shika ko mai shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ita kaɗai ce a cikinsu ta ɗauki motar a matsayin abin hawa. Tana zuwa sabis a kan lokaci, ba ta sanin sunan injin, ba ta kuma ba wa ƙanen miji aro. 'Yan majalisar bakin titi ba sa barin ta ta yi ribas cikin kwanciyar hankali, sai mutum biyar sun miƙe suna "Hajiya, a hankali, karya kan, karya kan," alhali a cikinsu babu mai ko keke. Da sun saurari Farfesa har ƙarshe, da sun ji cewa a watan Agustan 1888 Bertha, matar Benz, ta ɗauki motar da asuba ba tare da sanin mijin ba, ita da 'ya'yanta maza biyu, ta tuƙa ta kilomita 106 daga Mannheim zuwa gidan mahaifiyarta a Pforzheim, tafiyar da ta fi Zariya zuwa Kaduna. Mai ya ƙare, ta saya a kantin magani a garin Wiesloch. Bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta buɗe shi. Burki ya cinye, ta sa baduku ya liƙa masa fata. Maigidan yana gida yana ta gyare-gyare, yana jin motar ba ta isa a nuna wa duniya ba tukuna.

Duk waɗannan da na lissafa, haya suke yi. Mai motar na gaskiya yana gareji, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da riga mai baƙin mai. Bakaniken Marsandi ba ya taɓa Toyota, yana ganin zubar da girma ne. Shi ma kashi biyu ne. Tsohon da kunne yake aiki: ya dafa dogon sukundireba a kan injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido, ya ce, "Yallaɓai, ba injin ba ne, iska take sha." Ya san cewa kullen ƙofofin W123 da zuƙar iska suke aiki, ya san Marsandin da aka ƙera a farkon shekarun 1990 rigar wayoyinsu marmashewa take yi. Idan aka kawo masa sabuwa kuwa, sai ya zagaya ta sau biyu, ya nemi batir a gaba bai gani ba, yaronsa ya raɗa masa cewa a ƙirar ML yana ƙarƙashin kujera. Nan take zai yanke hukunci: "Wannan ba mota ba ce, talabijin ce." Sabon bakanike shi da kwamfuta yake zuwa, ya jona, ya karanto laifi goma sha, ya goge su duka, ya karɓi kuɗin dubawa. Fitilar gargaɗin tana dawowa kafin ka kai gadar Kwangila. Inda tsoho da yaro suka haɗu shi ne jimla ɗaya: "Sai an aiko da kayan daga Legas." Daga nan motarka ta zama tasa. Ka je ɗaurin aure a Tudun Wada a cikin Keke Napep, ka tarar da ita a can ta riga ka, wai ana gwada ta.

Na ƙarshe shi ne mai tauraro babu mota. Ɗan acaba ya ɗaura shi a kan fitila, mai kurar ruwa ya ƙusance shi a gaba, mai Keke Napep ya liƙa shi da gam a tsakiyar gilashi. Saboda irinsu ne wasu masu V-boot ke cire nasu kowane dare su kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Mutumin Jushi bai yi wannan dabarar ba. Wata Juma'a ya fito da bokitinsa ya tarar da rami a hancin motar. Ya yi kwana uku ba ya cin tuwon kirki, har ya hangi tauraron a goshin wani Keke a bakin kasuwa, ya gane shi da ɗan lanƙwasar da jikansa ya yi masa. Ya tare hanya, jiki na rawa.

"Kai, yaro! A ina ka samo wannan?"

"Baba, saya na yi a wajen 'yan gwangwan."

"Na Marsandina ne!"

Yaron ya dubi tauraron, ya dubi tsohon, ya share kujerar baya da tsumma.

"To Baba, hau in kai ka gida. Tawa dai tana tashi."