Ladubban Fita Shan Iska da Uwargida Zuwa Gindin Kufena

Malamanmu na fiƙihu, Allah Ya saka musu da alheri, sun yi bayani mai gamsarwa a kan tafiyar hajji da ta fatauci da ta neman ilmi, amma akwai wata tafiya da mutanen ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan suka bari ba sharhi, wato mutum ya ɗauki matarsa ranar Asabar, alhali babu biki babu ta'aziyya babu asibiti, su je wani ɗan gari a gindin dutse su kwana, su komo ranar Lahadi ba su sayar da ko kwando guda ba. Ni a ganina wannan haƙƙi ne na matar da ta shekara tana tuƙa tuwon 'yan ƙwadago tun daga shuka har saran rake, saboda haka ga abin da ya kamata mai niyya ya sani.

Kada ya tsawaita buri zuwa Jos ko Mambila, domin dogon buri shi ke sa a shekara goma ana cewa sai baɗi. Wusasa ta ishe shi, ɗan garin nan da ke gindin dutsen Kufena a yammacin Zariya, wanda mutumin Makarfi zai kai da hantsi in ya fito Tashar Yari ya hau titin Kano, na Hunkuyi kuwa ya riga shi isa. Tafiyar ba ta kai mil 48 da Risala ta gindaya wa sallar ƙasaru ba, don haka su cika raka'o'insu. Mutumin Ikara kaɗai, da yake ya fi nisa, shi ne zai tambayi malaminsa.

Babbar mas'ala tana cikin gida, tun ba a fita ba. Ranar da maigida ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, gobe za mu Zariya da mai ɗakina," abin da zai fara ji shi ne, "Subhanallahi, wa ya rasu?" In ya ce shan iska za su, za ta tambaye shi ko iskar garin nan ta ƙare ne. Ƙarya haramun ce, kuma ba ta da amfani wurin tsohuwar da ta haife ka. Sai ya ce za su ziyarci kufan magabata su ga ikon Allah, wanda gaskiya ne tsantsa, ya nemi albarkarta. Daga nan sai ya tsare ƙofar mota da dukkan ƙarfinsa, gama da zarar an yarda wa yaro guda ya shiga, sauran za su biyo shi, ƙanwar miji ta tuna tana da saƙo a Tudun Wada, maƙwabciya ta ce a rage mata hanya zuwa asibitin Shika, kafin a ankara an tashi da ayari. Goyo kaɗai aka yi wa rangwame bisa lalura. Wanda Allah Ya hore wa mata biyu ko fiye, sunna ta riga ta warware masa, domin ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Sai dai adalci ya hukunta wadda ƙuri'a ba ta faɗa kanta ba a sanya mata ranarta a gaban shaidu.

Lokaci mafi dacewa shi ne bayan kaka, kafin hazon hunturu ya rufe sararin. Makaruhi ne a fita a makon ɗibar tumatir, don gangar jikin maigida ce za ta hau dutse, zuciyarsa tana can wurin dillali.

Uwargida za ta so ta tashi tun asalatu ta cika kuloli da shinkafa da miya. A hana ta da lallashi, domin macen da ta yi girki ta yi wanke-wanke a masauki wurin aiki kawai ta sake. Guzuri ya tsaya ga 'yan sandunan rake da mazarƙwailar Makarfi. Sauran kuwa maigida ya buɗe bakin aljihu, ya sayo tsire da fura, ya ajiye a gabanta da hannunsa, kada ya faɗi nawa ya saya ko da ta tambaya.

Hawan dutsen da sanyin safiya ake yi, kafin rana ta gasa shi, bayan an yi sallama da mutanen wurin an nemi wanda ya san hanya, kuma wajibi ne a sauko da sauran haske. A nan ne za a jarraba maigida, saboda al'adarmu ta sabar masa da wucewa gaba taku goma yana waiwaye yana cewa a ɗago ƙafa. Ya tuna cewa Fiyayyen Halitta ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya shi ma ya tsere mata. Wanda ya ji wannan bai kamata ya ji nauyin miƙa wa matarsa hannu a kan santsin dutse ba. In sun kai sama, Zariya ta shimfiɗu a gabansu da ragowar ganuwarta, to ya ba ta labarin da masu tarihi ke bayarwa, cewa a gindin dutsen nan aka yi zaman sarautar Zazzau bayan Turunku, kafin a kafa birnin da ake danganta wa Bakwa Turunku wajen 1536, kuma 'yarsa ko 'yarta Amina ita ce ake jingina wa ganuwowin ƙasar Hausa. Sa'an nan ya yi shiru, ya bar ta ta yi magana, ko da za ta fara da zancen kwanon rufi da ke yoyo tun bara. Abubuwan da ke warware wannan zama guda biyu ne, farashin taki da wayar hannu; wadda ta fi haɗari ita ce wayar, gama sau ɗaya in aka amsa wa yaron gona, an koma Kudan ke nan ko da ana zaune a ƙwanƙolin Kufena.

Da la'asar sakaliya su zaga cikin Wusasa, inda mishan ɗin Dakta Miller ya komo daga birnin Zariya a 1929, su ga majami'ar da aka gina da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, su gaisa da Hausawa Kiristoci na garin da ladabin da ya kamaci baƙo, kuma a nan ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ranar Lahadi, in da sauran ƙarfi a gwiwa, su shiga birni su ga masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Tsaraba kuwa rukuni ce, wanda ya bar ta sai ya yi ramuwa. A sayi ta yara, a sayi ta maƙwabciyar da aka hana rage hanya, amma ta Inna ita ce za a fara zaɓa, goro mai kyau da turmin atamfa in hali ya yi, kuma uwargida ce za ta miƙa da hannunta, don in kaka ta zagayo Inna da kanta ta ce a kawo mata yaran su kwana.