Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya A-kori-kura, Uwar Lilon Ƙasar Adar

Zuwa ga Mai Girma Hajiya A-kori-kura, uwar ɗakin ƴan kasuwa, wadda ke kai da komo tsakanin Madawa da Buza da Keita a Jihar Tawa. Allah ya ƙara wa tayoyinta kwana.

Bayan haka, wannan takarda ta fito ne daga fasinjojinta na yau da gobe, wato dillalan albasa da mata masu kai kayan miya kasuwa da ƴan cin rani masu dawowa daga Abijan da Legas, waɗanda suka ga ya fi kyau su yi mata magana a rubuce, tun da ƙarar salansarta ba ta bari a ji maganar baki. Ladabi ya hana su ce mata "ke", saboda haka za su yi zancenta kamar yadda ake zancen basarakiya a gabanta, ana faɗa tana ji, ba a nuna ta da yatsa.

A ƙasashen da suka tara abin hannu akwai abin da ake kira dandalin lilo, wato katafaren fili da aka kewaye aka cika da na'urorin da ke ɗaga mutum sama su jefo shi ƙasa, ko su yi majaujawa da shi har hanjinsa ya kaɗa, kuma mutane suna biyan kuɗi su shiga layi don kawai a tsorata su. Samarin da suka ga irin wannan wuri a wayoyinsu sukan yi ƙorafin cewa an bar gundumomin nan uku a baya, amma masu wannan wasiƙa suna ganin ƙorafin rashin godiya ne, domin duk wanda Hajiya ta taɓa gangarowa da shi daga kan fakon Adar zuwa kwarin Magiya, ko ta ratsa da shi yashin wata ƙorama a hanyar Garhanga ko Karofan, ya sami duk faɗuwar gaban da ake sayarwa a can, a farashi mai rahusa, kuma a ƙarshe an sauke shi a bakin kasuwa, abin da babu wani lilon Turai da ya taɓa yi wa mahayinsa. Tun da sana'arsu ɗaya, ya kamata Hajiya ta ji yadda ake riƙon takwarorinta a wasu ƙasashe.

Abu na farko shi ne maganar shekaru, kuma a nan babu abin jin kunya. Idan Hajiya daga zuriyar Peugeot 504 take, to gidansu ya fara haihuwa a Faransa a 1968, kuma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana haɗa ƴan'uwanta. Idan kuwa daga gidan Land Rover ko Toyota ta fito, su ma ba yara ba ne. Duk da haka ita jika ce a gaban waɗansu. A dandalin Tivoli da ke Kopanhagan, babban birnin Danmak, akwai jirgin hawa-da-gangara, wato jerin kekuna masu gudu a kan dogo mai tudu da kwari, wanda aka gina da katako a 1914 kuma har yau yana ɗaukar mutane, a Malbon ta Ostireliya akwai wani na 1912, a Biyana ta Ostiriya kuwa akwai wani ƙaton lilo mai siffar ƙafar keke, mai tsawon kusan mita 65, wanda yake juyawa tun 1897. Waɗannan dattawa sun nuna cewa tsufa shi kaɗai ba ya kashe na'ura, abin dubawa shi ne irin kulawar da take samu da irin nauyin da ake ɗora mata.

Akwai ma inda Hajiya ta yi daidai da su. Jirgin Tivoli yana tafiya da mai birki, wato ma'aikacin da ke zaune a cikin jirgin yana rage masa gudu da hannu a kowace gangara, sababbin jirage kuma suna da wani haƙorin ƙarfe a ƙarƙashinsu wanda ke cafke dogo idan suna hawan tudu, don kada su sulalo baya idan sarƙar da ke jan su ta tsinke, kuma shi ne ke yin ƙas-ƙas ɗin da mahaya suke ji. Abin mamaki, injiniyoyi masu jin Ingilishi suna kiran wannan haƙori "kare". Karen Hajiya ya fi nasu, domin shi mai rai ne, yana da uwa da uba. Idan ta kama hawan dutse numfashinta ya fara sarƙewa, sai karen mota ya diro daga bayanta da waigi a hannu, wato guntun katakon nan mai kama da goshin gatari, ya bi ta a guje da silifas ɗinsa yana kallon tayar baya, da zarar ta tsaya cak ya cusa shi ƙarƙashi, ya ɗaga murya ya ce maza su sauka a tura. Bambancin kawai shi ne, karen ƙarfe ba ya tuntuɓe kuma ba ya kwana a kan buhu da yunwa, alhali ran mutanen da ke cikin bodi ya rataya ne a kan ƙafar yaron da wataƙila bai karya kumallo ba.

Abu na biyu shi ne adadi. Masu tafiyar da dandalin lilo suna aiki da lissafi iri biyu: akwai iyakar ɗauka, wato yawan mutanen da na'ura za ta ɗauka a hawa ɗaya, wanda maƙerinta ya rubuta kuma ba a yin ciniki a kansa, akwai kuma yawan waɗanda za ta iya sallama a awa ɗaya, wanda ake samu idan aka ninka yawan kujeru da yawan sawu. Idan jama'a ta yi yawa, abin da suke yi shi ne su gaggauta sawu ko su tsawaita layi ko su rufe ƙofa, amma kujera ɗaya ba ta zama ta mutum biyu. Lilon da George Ferris ya gina a Shikago a 1893 yana da ɗakuna 36, kowanne na mutum 60, kuma wannan lissafi ne aka yi tun kafin a sare ƙarfen farko. Su ma sun koyi darasin ne da wuya, domin ranar 17 ga Yuli 1955 da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya, kusan mutum 28,000 ne suka cika wurin, da yawansu da takardun gayyata na jabu, abinci ya ƙare, sabuwar kwalta ta yi laushi a rana har takalman mata suna nutsewa. Masana cunkoso kuma sun nuna cewa idan mutanen da ke tsaye suka haura biyar a murabba'in mita ɗaya, wato fili mai faɗin taki ɗaya da tsawon taki ɗaya, to mutum ya fara rasa ikon jikinsa, sai inda taro ya kai shi.

Lissafin Hajiya ya sha bamban, domin iyakar ɗaukarta tana bakin ɗan kamasho, shi kuwa a wurinsa kullum "saura mutum ɗaya". A ranar kasuwar Tamaske ko Sabon Gida, ana fara shimfiɗa buhunan albasa ko na hatsi har su haura bakin bodi, a ɗaure su da igiya, a jera mata da goyo a tsakiya, maza su zauna a gefe ƙafafunsu na reto a waje, a rataye kaji a jikin ƙarfe, a cusa akuya inda ƙafa ba ta sami wuri ba, sannan idan wani dattijo ya taho da sandarsa a ce a matsa wa baba, kuma a matsa ɗin. Illar wannan tsari tana cikin abin da ake kira cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin abu gaba ɗaya yake taruwa. Muddin tana ƙasa kusa da tayoyi mota tana da gindin zama, amma kowane buhu da kowane mutum da aka ƙara a sama yana ɗaga ta, har ta kai ƙaramin karkata a bakin kwazazzabo ya isa ya kifar da komai. Birki ma yana da nasa hisabi, domin aikinsa shi ne ya mayar da gudu ya zama zafi, kuma idan nauyi ya ninka, zafin da zai sha ya ninka, har ya kai a doguwar gangara direba ya taka ya ji kamar ya taka fura.

Abu na uku shi ne duba lafiya. Ƙarfe yana gajiya, kuma wannan magana ce ta ilimi: duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya ga gajiyar ƙarfe da idonsa, domin nauyin da bai isa ya karya abu a karo ɗaya ba yana iya karya shi a karo na dubu ɗari, ta hanyar ƴar tsaga da ke farawa siririya kamar gashi tana ci a ɓoye. Saboda haka a dandalin da ya san abin da yake yi, kowace safiya kafin a buɗe ƙofa makanikai suna bin dogo da ƙafa suna duba noti da kusa, ana tayar da jirgi ba kowa a ciki, sabon jirgi kuma ana gwada shi da mutum-mutumin roba da aka cika da ruwa, lokaci-lokaci kuma ana kwance kekunan ɗai-ɗai a shafa wa ƙarfen wani rini mai shiga tsaga ya tona ta, ko a auna cikinsa da sautin da kunne ba ya ji, a rubuta komai a littafi da kwanan wata. Littafin Hajiya kuwa a jikinta yake: walda a kan walda a gindin sifirin, ƙofar da ake ɗaurewa da tsinken roba, lagireton da ke shan jarka guda tsakanin gari da gari, da tayar da mai faci ya san ta fiye da yadda ya san ƴaƴansa. Gwajin safe kuma da fasinjoji ake yin sa, su ne mutum-mutumin.

Kada Hajiya ta ɗauka cewa na can ba sa kuskure. Ranar 25 ga Oktoba 2016, a dandalin Dreamworld da ke Ostireliya, mutum huɗu suka mutu a wani wasan kwale-kwale mai shekara 30, bayan famfon da ke tura ruwa ya tsaya, ruwa ya janye, kwale-kwalensu ya ci karo da wani ya kife. Bincike ya nuna cewa famfon ya riga ya tsaya sau biyu a wannan rana, ana tayar da shi ana ci gaba da ɗaukar mutane. Wannan labari ya kamata ya tsaya wa Hajiya a rai, domin motar da ta mutu sau biyu kafin azahar aka tura ta ta tashi ta riga ta faɗi abin da ke damunta, kuma in gemun ɗan'uwa ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Adalci ya wajabta a faɗi uzurin Hajiya. Dandalin lilo wurin nishaɗi ne, wanda aka rufe wa ƙofa ya koma gida bai yi asarar komai ba, amma matar da aka bari a tasha da kwandon tumatir ta yi asarar mako guda, domin kasuwar ƙauye sau ɗaya take ci a mako kuma tumatir ba ya jira. Tun da aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ya gina madatsun ruwa ya farfaɗo da ƙasar noma, ga kuma albasar fadamun Tarka da Magiya, kayan da ke neman kasuwa suna da yawa, motocin da ke yarda su bar kwalta su shiga duwatsu kuwa kaɗan ne. Direba yana lissafin mai da kuɗin da zai kai wa mai mota da abin da ake ajiyewa a shingayen hanya, sai ya ga ribarsa tana cikin mutanen ƙarshe da aka cusa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: fasinjan da ke zagin direba a kan lodi shi ne wanda jiya ya roƙi a matsa masa, kuma da an ce a ƙara dala ashirin a rage mutum biyar, shi ne zai fara tada jijiyar wuya.

Saboda haka masu wannan wasiƙa ba su nemi Hajiya ta yi ritaya ba, domin ranar da ta kwanta jaki da amalanke ne za su gaje ta. Abin da suke so ta duba shi ne halin dattijon Biyana, wato ƙaton lilon nan mai siffar ƙafar keke. Da farko ɗakuna 30 yake ɗauka, amma bayan gobarar da ta cinye shi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da aka gyara shi aka sake buɗe shi a 1947, sai aka mayar masa da 15 kawai saboda ana shakkar ƙarfin ƙashinsa, kuma da rabin kayan nan yake ta juyawa har yau, jikokin waɗanda suka rage masa kaya suna hawansa. Hajiya kuwa kullum shekarunta na ƙaruwa kayanta na ƙaruwa, kamar tsohuwar da aka ga ta iya ɗaukar tulu aka ɗora mata turmi.

Roƙon bai kai a raba kayanta biyu ba. Ana roƙon a rubuta adadi da fenti a jikin ƙofarta, kusa da inda aka rubuta kirarinta, kuma ɗan kamasho ya koyi karanta shi; a duba man birki da notin taya kowace safiya kafin a ɗora buhun farko; a ajiye ɗan littafi a aljihun gaba inda bakanike zai riƙa rubuta abin da ya ɗaure da waya da ranar da ya yi alkawarin sauya shi; idan ta mutu sau biyu a rana ɗaya a bar ta ta huta a inuwar bedi; a kuma ba karen mota abin karyawa kafin a kama hawan dutse. Su kuma fasinjoji sun ɗauki alkawarin cewa duk wanda ya iso bayan adadi ya cika zai jira sawu na biyu ba tare da ya ambaci sunan kakan direba ba, ko da yake sun nemi a ba su zuwa bayan kakar albasa kafin alkawarin ya fara aiki.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.

Daga masu biyayya, fasinjojin bayan bodi, waɗanda suka sa hannu da hannu ɗaya, domin ɗayan yana riƙe da igiya.