Baturen da Ke Yi wa Kabad Guga

Ku gama dariyar tukuna, ni ba sauri nake ba. Abin da kuka ji haka yake: a Jamus da Ingila da Amurka akwai magidanta masu cikakken hankali, wasu da furfura har a gira, waɗanda idan Asabar ta yi sai su ɗauki dutsen guga su shige cikin wata tsohuwar mota, su durƙusa suna yi wa kabad guga. Ni kuwa yau tsaya musu na zo yi. Wanda ya ga kamar na fara taɓuwa, ya biyo ni da rubutun sha, zan karɓa in yi godiya.

Ga Malam can a baya ya ɗaga hannu. "To, me ya kai kabad cikin mota tun farko?" Tambayarka ta yi, Malam, zauna ka sha labari.

Motar dai Volkswagen ce ƙirar bas, wadda aka fara ƙerawa a Wolfsburg a 1950, bayan wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan mai suna Ben Pon ya zana siffarta a ɗan littafinsa a 1947. Kada ka yi mini fuskar rashin sani. Ita ce Kombi, ita ce mutanen Legas suka shafa wa rawayan fenti suka raɗa mata danfo. Mu da muka dube ta, lissafin fasinja muka shiga yi, mutum nawa benci ɗaya zai ci idan kowa ya matsa. Bajamushe da ya dube ta, ɗaki ya hango. A 1951 kamfanin Westfalia da ke garin Wiedenbrück ya fara yi mata kayan ɗaki da ake sakawa a cire, daga baya abin ya zama na dindindin: gado mai naɗewa ya koma kujera, tebur, kabad na tufafi, murhu, wurin wanke kwanuka, da rufin da ake turawa sama don mutum ya miƙe tsaye. Sojojin Amurka da ke zaune a Jamus suka riƙa saye suna komawa gida da ita, shi ya sa har yau take da dangi birjik a Kalifoniya. Ƙirar da aka fi gani, mai faffaɗan gilashi guda a gaba, an yi ta a Jamus daga 1967 zuwa 1979. Ka ga ke nan autarsu ma ta ba shekara arba'in baya da daɗewa.

Hajiya, daina toshe baki, nan wurin naki ne. Abin da aka lulluɓe kabad ɗin nan da shi, fomeka ne. Wannan dai fomekan da aka yi yayin gadonsa da kabad ɗinsa a ɗakin amare, wanda idan babu shi a jere sai dangin miji su yi ta zunɗe. Kin kwana a kansa, kin goge shi da tsumma safe da yamma, amma na tabbata ba ki san takarda ce ba. Wallahi takarda ce. Ana jiƙa fallayen takarda mai kauri da wani ƙaro na sinadari, a jera su, a ɗora falle guda mai hoton zanen katako a sama, a rufe da wani ƙaron mai garai-garai, sannan a danne su da zafi da nauyi har su zama abu guda mai tauri, wanda kaurinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Wasu injiniyoyi biyu, Daniel O'Conor da Herbert Faber, su suka kafa kamfanin Formica a Cincinnati a 1913, kuma da farko ba don gadon amarya suka yi ba, don kayan lantarki ne. Saboda haka zanen itacen da ake yaba kyansa a jikin kabad ɗin Bature hoto ne, ainihin katakon yana ƙarƙashi, fale-fale ne marar nauyi, don injin motar ba wani ƙarfin a zo a gani gare shi ba. A hawan tudu mai keke ma yana iya yi mata gaisuwa ya wuce.

Shi fomeka da wuya ya mutu. Gam ne ke mutuwa. Ku dubi irin rayuwar da yake yi a motar. A kulle ta cikin rana, zafin ciki ya haura digiri 50, gam ya yi laushi. Da dare mutum biyu su kwana ciki tagogi a rufe, numfashinsu ya zama raɓa a jikin ƙarfe ya gangaro. Da safe a ɗora shayi a murhun gas, tururi ya ƙaru, shi kansa gas ɗin idan yana ci ruwa yake saki cikin iska. Robar taga ta tsufa ta tsage, ruwan sama ya samu hanya ta bayan kabad inda ido ba ya kai wa. Katako ya sha danshi ya buɗe, fomeka ma ya motsa, amma kowa da nasa gwargwadon, gam na tsakiya ana ja da shi hagu da dama. Sannan a hau hanya a yi ta jijjiga. Shekara arba'in ana wannan, ko kai ne sai ka saki. Baki ne ke fara ɗagawa, galibi kusa da wurin wanke-wanke ko gefen ƙofar da ake ja.

Yauwa, na san maigida kafinta ba zai iya haƙuri ba. "Wannan ai aikin rabin yini ne. A ɓanɓare, a yanko sabo, a shafa Evostik, a buga." Allah ya ƙara wa sana'a albarka, maigida, amma da ka yi wa mai motar nan haka, da sai an shiga tsakaninku. Wannan launin da wannan zanen na wancan zamanin ne. Akwai masu kwaikwayonsa suna sayarwa, sai dai rana ta riga ta dafa na asalin shekara da shekaru, ya koɗe ya yi nasa launin da babu shi a kanti. Ka sa sabuwar ƙofa guda a tsakiyar tsofaffi, daga bakin titi za a nuna ta. Ga kuma maganar kuɗi, tunda na san ita ce ke shiga kunnenku. A 2017, a wani gwanjon motoci a Amurka, an sayar da 'yar'uwar motar nan mai tagogi 21, ƙirar 1965, a kan dala 302,500. Ban ce kowace Kombi haka take ba, kada wani ya tafi ya ci bashi da sunana. Abin da na ce shi ne, a kasuwar tsofaffin motoci mai saye yakan leƙa ciki ya tambayi abin da yake na asali, kuma da amsar ake yanke farashi.

To ga sirrin gugar. Irin gam ɗin da ake manna fomeka da shi yana da wata ɗabi'a: idan bai gama mutuwa ba, zafi na farfaɗo da shi. Sai mai gyara ya fara ɗaga bakin a hankali da siririyar wuƙa, ya hure ƙura da ɓurɓushin burodin shekaru da suka maƙale a ciki. A hankali na ce, domin tsohon fomeka ba ya lanƙwasuwa, ɓallewa yake yi kamar ƙanzo, ka ji ƙas, shi ke nan an tashi daga gyara an koma jaje. Sai ya shimfiɗa tsumman auduga a kai, ya saita dutsen a matsakaicin zafi, babu tururi, ya riƙa yawo da shi ba tare da ya tsaya wuri guda ba, don idan ya tsaya fuskar za ta ƙone ko ta yi bororo. Da wurin ya ɗauki zafi sai ya ajiye dutsen, ya ɗauki guntun katako mai santsi ko abin murzawa, ya danna daga ciki zuwa baki, ya ci gaba da dannawa har wurin ya huce. Yawancin masu cewa dabarar ƙarya ce, a nan suke faɗuwa: suna ɗauke hannu tun abin na da ɗumi, bakin ya sake miƙewa yana kallonsu.

Idan gam ɗin ya riga ya zama gari, guga ba ta tayar da matacce. Sai a kankare tsohon, a goge da tina, a shafa sabo siriri a fuska biyu, jikin katako da bayan fomeka, a sa ɗan tsinke ya riƙe su kada su haɗu. Daga nan sai aikin da ya fi kowane wuya, wato jira. Minti 15 zuwa 20, ko abin da gwangwanin ya ce, har sai ka taɓa da bayan yatsa ka ji yana kamawa amma bai biyo ka ba. Maigida kafinta, kada ka kau da kai, da kai nake. Sau nawa yaronka ya shafa ya manna nan take don mai kaya na tsaye a kansa, bayan wata biyu tebur ya yi ciki?

Shi cikin, wato inda fomeka ya kumbura a tsakiya baki kuwa lafiya lau, da sirinji ake yi masa magani. Na ga Hajiya ta sake fashewa: guga ta wuce, yanzu kuma allura. Haka ne, har da allura. A samu hanya ta gefe ko a huda 'yar ƙaramar kafa inda ba a gani, a ɗura farin gam na katako, a shimfiɗa leda don kada abin dannawa ya manne, a ɗora faffaɗan katako, a matse da ƙarfen matsi ya kwana. Haka ake yi wa fallayen katakon ma idan ruwa ya raba su. Inda ɗan gefe ya ɓalle kuwa, ko a cike da abin ciko mai launi, ko a yi abin da ya fi burge ni a duk sana'ar: a je can cikin kabad ko bayan kujera inda ba mai leƙawa, a yanko 'yar ƙyallen fomeka na asali, a gyara bakinta da magagari har ta zauna daram a gurbin. Motar ta ba kanta gudummawa.

Akwai inda duk wannan wayon ba ya aiki. Idan ka danna katako da yatsa ya lotsa, ya yi baƙi yana wari, ya ruɓe ke nan, sai sabo. A nan ne kafinta zai samu ranarsa: a yi amfani da tsohon a zana sabon, a shafa gam, a jera 'yan sanduna tsakani, a daidaita, a riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya ana dannawa, domin wannan gam idan fuska biyu suka haɗu babu sauran gyara zama. Kuma duk wanda bai fara toshe inda ruwan ke shigowa ba, aikin baban giwa ya yi.

Nan kuma a ajiye wasa minti ɗaya. Warin gam ɗin nan da na tina suna kama wuta, sun kuma fi iska nauyi, ƙasa suke kwanciya. Da yawa daga motocin nan, musamman ƙirar shekarun 1980, suna da firji mai aiki da gas, da 'yar wuta tana ci a ƙasansa ba a gani. A rufe tukunyar gas, a buɗe ƙofofi duka, in da hali ma a kwance ƙofar kabad a fita da ita waje. Mai sigari ya yi nisa.

Ranka ya daɗe Alhaji, na ga tun ɗazu kana kaɗa makullin mota. Na san abin da ke bakinka: rashin aikin yi ne, mutum ya sayi sabuwa ya huta. Ban ƙi ta taka gaba ɗaya ba. A cikinsu akwai waɗanda abin ya zame musu ciwo, su gama gyaran kabad sannan su hana kowa dafa ko ruwan zafi a motar, iyali na zaune a waje cikin sanyi ana gadin fomeka. Wannan kam ko ni ba na kare shi, an yi motar ne don a kwana ciki a ci abinci. Amma kafin ka gama yi wa Bature dariya, ina teburin nan na shagonka, wanda bakinsa ya ɗaga tun bara waccan? An liƙa masa salatif, salatif ya gaji. An ɗiga masa sufagulu, ya yi fari ya ƙara tsagewa. Wani gwani ya kawo ƙusa ya buga a tsakiyar fomeka, tsaga ta tafi har ɗaya gefen. Yanzu kalanda aka shimfiɗa a kai, kuma ya ci hannun babbar riga ya fi a ƙirga. Gam na 'yan kuɗi kaɗan da haƙurin minti 20 ne suka gagara, ga shi kuɗin ɗinki ya ninka su.

Malam ya ce to shi duk wannan me ya shafe shi, ba shi da Kombi, ba shi da niyyar kwana a daji da gangan. Ai ban ce ka kwana ba, mu da muke neman inda sauro bai sani ba. Sai dai ka riƙe wannan: ƙasar Barazil ce ta ƙarshe da ke ƙera wannan tsohuwar ƙirar, ita ma ta rufe layin a ƙarshen 2013. Ba a ƙara yin ko ɗaya ba. Waɗanda suka rage su ke nan, kullum kuma raguwa suke. Saboda haka idan akwai wata da ke yashe a bayan gidan kakanku ko a ƙuryar garejin unguwa, kaji na ƙwai a ciki, don Allah kada ku kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli tukuna. Ku kori kajin, ku duba lambar jikinta, ku tambayi wanda ya san kanta.