Tsegumi: Alhaji ya ce shi ɗan albasa ne tun asali

Jama'a ku matso kusa, mai salula a hannu ya kife ta tukuna.

Majiyarmu ta fadar shayi a Birnin Kwanni ta tsegunta mana cewa wani Alhaji, wanda a zaɓen 2021 ko ladan ba ya riga shi tashi don aika saƙon murya, yau gurup ɗinsa ya koma na barka da Juma'a da sanarwar suna. Hoton jam'iyya mai ruwan hoda ya sauka, tutar ƙasa ta hau. Da wani yaro ya tuna masa kirarin da yake yi wa 'yan takara, sai ya ce: "Kai yaro, ni tun asali ɗan albasar Galmi ne."

Ku yi dariyar a hankali, Alhaji ya san lissafi. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka cire mata ɗauri kan zagi da ɓata suna a 2022 zamanin Bazoum, Janar Tiani ya maido mata da shi a Yunin 2024: shekara 1 zuwa 3 a kaso, ga tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Wanda ya watsa abin da aka ce zai tada zaune tsaye kuwa, shekara 2 zuwa 5. Sannan a Maris 2025 aka rushe jam'iyyu baki ɗaya. To wa za a yi wa talla?

A wajen Illela, ƙasar da ta haifi Issoufou Mahamadou a Dandaji, raɗar ta fi zafi. Masu dogon tuni na cewa ba soja suka fara toshe baki ba. Bayan zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021, an yanke intanet ɗin salula kusan kwana 10, ɗan gida na bisa mulki. A lokacin wasu 'yan jam'iyyar Tarayya sun ce maganin fitina ke nan. An ce su ne yau ke duba hagu da dama kafin su danna.

Amma kada wani ya ce muku an bar waya. Dattawan Malbaza na zaginta da rana, wai ta sa ɗan cikinka yana musu da hakimi, da dare kuma su kira jika: "Zo ka kunna mini wancan na jiya." 'Yan kasuwar Kwanni sun fi su gaskiya. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a WhatsApp suka riƙa jin kuɗin naira da na shinkafa daga Illelar Sakkwato kafin rediyo ya faɗa. Ƙorafinsu ɗaya ne: labarin gaskiya da na ƙarya murya iri guda ce, kowane da bisimilla yake farawa, kowane ya ƙare da "ku tura don Allah".

Na ƙarshe, kuma ba daga bakinmu kuka ji ba. Wani tsohon mai neman kujerar kansila ya kwana yana goge saƙonninsa na da, har ya ba almajirai sadaka. Abin da bai sani ba, amininsa da suka ɓata kan kuɗin taki ya ajiye su duka a wata tsohuwar waya, kuma an gan shi ranar kasuwa yana saya mata sabon batir.