Gaishe Ku, Dillalan Megabit Na Landan

Wanda yake son ya ga inda aka iya kasuwa, ya zo Landan ya ce yana neman a jawo masa intanet gida domin ɗansa ya riƙa buga gem da abokansa. Kafin ya rufe baki an jero masa BT da EE da Plusnet da Sky da TalkTalk da Vodafone da Virgin Media, kowa da launinsa, kowa da lambar da ya rangaɗa da manyan baƙi: 150, 500, 900, har sama da 1,000. Wannan yalwa kaɗai ta isa a cire musu hula. Abin da ya fi burgewa kuma shi ne, in ka ware Virgin Media mai kebul ɗinsa na kansa, yawancin sauran ta waya ɗaya suke biyowa, wadda Openreach ke kula da ita. Openreach na BT ne, EE na BT ne, Plusnet ma na BT ne. Magidanci zai raba dare yana auna wannan da wancan, ya zaɓa da hannunsa, ya kwanta yana murnar ya yi dabara, alhali wayar da za ta shigo ɗakinsa ita ce dai wadda ta shiga ɗakin maƙwabcinsa. Ba kowane ɗan kasuwa Allah ya ba baiwar sa mai saye ya ji shi ne ya ci riba ba.

Babbar gwanintarsu tana cikin lambar nan ta megabit. Wasan ƙwallo na EA Sports FC, ko Call of Duty, ko Fortnite, a lokacin da ake buga shi, abin da yake aikawa da karɓa ɗan ƙanƙane ne, sau da yawa bai ma kai megabit ɗaya a sakan ba. Abin da yaro ke buƙata shi ne saƙonsa ya je ya dawo da wuri: ya danna maɓalli, umarnin ya isa babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, amsa ta dawo kan allo. Wannan je-ka-ka-dawo shi ne yara ke kira fing, da milisakan ake auna shi, kuma tsayuwarsa wuri ɗaya ta fi ƙanƙantarsa muhimmanci. Layin da ke ba ka milisakan 20 safe da dare ya fi wanda zai ba ka 10 yanzu, an jima ya yi tsalle zuwa 200. Dunƙulen magi ɗaya ake son a sayo daga bakin layi, kuma a dawo kafin miya ta ƙone, sai dillalai suka ce maganin abin tirela ce. Tirela tana da ranarta, ranar da za a sauke sabon gem mai nauyin gigabayit sama da 100, ko daren da mutum biyar ke kallon fim a gida ɗaya. Amma ba ta sa ɗan aike ya yi sauri. Injiniyoyinsu sun fi kowa sanin haka, shi ya sa na ce su gwanaye ne: abin da ake iya rubutawa a jikin jar bas shi suka ɗora wa farashi hawa-hawa, abin da ɗan gem ke nema kuwa da wuya ka ga tallar da ta yi masa alkawarin ko milisakan ɗaya a kansa.

Mu shiga wani gida a Thamesmead, irin gidajen da 'yan uwanmu suka cika. Mai gidan yana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, uwargida tana aikin jinya. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya tare mahaifinsa da safe, idonsa ja: "Abba, wallahi netwok ɗinmu ne ba shi da ƙarfi, kullum sai an cinye ni." Uban bai san fing ba, amma ya san gara yaron nan ya zauna a ɗaki da hannun gem da ya fita titi da yamma, domin labarin wuƙaƙe a unguwannin Landan ba ya barin iyaye barci. Sai ya ɗaga waya. Murya mai taushi ta taya shi jimami, ta ɗaga shi daga 150 zuwa 900, ta sabunta masa yarjejeniya ta wata 24. Ita kuwa rauta, na'urar da ke raba intanet a gidan, tana nan inda take, a ƙasa kusa da ƙofar shigowa, bayan ma'ajiyar takalma, saboda nan ne waya ta ɓullo ta bango. Ɗakin yaron yana sama, bayan bango biyu na jan bulo, ga kuma wayfay ɗin maƙwabta kusan ashirin suna kokawa a iska ɗaya. Ƙarfe takwas na dare ɗan wasan gabansa ya yanke masu tsaron baya, saura shi da gola, sai hoto ya ƙame. Kafin ya saki, ƙwallo tana tsakiyar fili a ƙafar abokin hamayya.

Maganin wannan, sau da yawa, kebul ne da za a jona daga rauta zuwa bayan PlayStation, wanda kuɗinsa bai kai fam goma ba, kuma sau ɗaya ake saye. Dubi kawaicin mutanen nan: ba su ambace shi ba, don kada su ɓata wa uwargida ɗaki da igiya. Sun dai nuna masa wata 'yar na'urar ƙara ƙarfin wayfay da zai riƙa biya duk wata. Kuɗin da mutumin nan ya samu da ɗaga tsofaffi da wanke su cikin dare, wanda ake jiran wani kaso nasa a Katsina ko Damagaram, shi ne ake zuƙa da wannan ladabi, kuma wannan ne ke ci mini rai.

Wajen faɗin gaskiya ma ba a bar su a baya ba. Har zuwa watan Mayu na 2018, kamfani na iya tallata gudun da ya ce layinsa "yana iya kaiwa" matuƙar mutum ɗaya cikin goma na masu saye yana samunsa. Tara su biya, ɗaya ya ji daɗi, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Sai da hukumar kula da tallace-tallace, ASA, ta shiga tsakani aka koma faɗin gudun da aƙalla rabin masu saye ke samu tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare. Haka aka yi da faiba. Shekara da shekaru ana sayar wa mutane layi da sunan faiba, alhali zaren gilashin a koren akwatin nan na bakin titi ya tsaya, daga nan zuwa gidanka tsohuwar wayar jan ƙarfe ce ta zamanin tarho, wadda ƙarfinta ke raguwa gwargwadon nisanka da akwatin. A watan Nuwamba na 2017 ASA ta duba ta ce ba ta ga yaudara ba. CityFibre ya garzaya kotu, a 2019 ya sha kaye. Sai a watan Satumba na 2024 hukumar sadarwa, Ofcom, ta wajabta a riƙa gaya wa mai saye ko faibar ta iso ƙofarsa ko a hanya ta yada zango. Mutanen Rotherhithe sun fi kowa cin moriyar wannan tarbiyya. Suna hango benayen Canary Wharf ta taga, a tsallaken kogi kuma ga Telehouse inda LINX, wadda aka kafa a 1994, ke haɗa hanyoyin intanet na duniya, amma shekaru suka yi a kan dogayen wayoyin jan ƙarfe suna koyon haƙuri.

Virgin Media ma ya ba da tasa gudummawar. Rautarsa ta Hub 3 ta zo da ƙwaƙwalwar Intel Puma 6, wadda tun wajen 2016 da 2017 masu buga gem suka yi ta kuka da ita saboda yadda take sa fing tsalle-tsalle, a kan layin da ake tallatawa da cewa ya fi na kowa gudu. A kan tsohon kebul ɗin nan kuma, wanda ya sayi sama da megabit 1,000 na saukewa, abin da yake iya turawa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na hakan.

Amma inda basirarsu ta kai maƙura shi ne ƙarin kuɗi bayan an sallama. An yi tayi, an ce albarka, an daidaita, ka sa hannu kan wata 18 ko 24. Kai an ɗaure ka, farashi kuwa an bar shi sake. Kafin 2025, a cikin ƙananan rubutun akan tanadi cewa duk shekara za a ƙara maka gwargwadon hauhawar farashi, a ɗora kashi 3.9 cikin ɗari a kai. Daga ina 3.9 ta fito? Wannan sirrin masu sana'a ne. A ƙarshen Maris na 2023, lokacin da kuɗin gas da wuta da abinci suka shaƙe mutane, BT da EE da Plusnet suka ƙara kashi 14.4 cikin ɗari. Wanda ya ce ba zai iya ba, ƙofa a buɗe take, sai dai ya biya kuɗin ficewa kafin wa'adi. A kan wannan kuɗin ficewa ne ma Ofcom ta ci Virgin Media tarar fam miliyan 7, ta ci EE fam miliyan 6.3 a watan Nuwamba na 2018, saboda sun caji mutane fiye da ƙima.

Daga 17 ga Janairu 2025 Ofcom ta hana ɗaura ƙarin da hauhawar farashi a sababbin yarjejeniyoyi, ta ce a faɗa wa mutum fam nawa ne tun ranar sa hannu. Wani zai ɗauka an karya musu lago. Ina! BT ya fara da fam 3 a wata, kowa da kowa, babu bambanci. Ka ga adalci. Mai biyan fam 60 an ƙara masa kashi 5 cikin ɗari, mai biyan fam 25, wanda ya zaɓi mafi araha don abin da aljihunsa zai iya ke nan, an ƙara masa kashi 12. Doka ta nemi a sanar da talaka kafin a yanke shi, su kuwa suka bi doka sau da ƙafa.

Akwai sababbin shiga irin su Hyperoptic da Community Fibre, masu kawo zaren gilashi har cikin gida, da turawa da saukewa daidai wa daida, sau da yawa kuma da rahusa. Ga ɗan gem wannan shi ne abin nema. Sai dai a dogon bene ba sa shiga sai mai ginin ya sa hannu, kuma ɗan haya ba shi da ta cewa. Za ka tarar wannan gefen titi suna da shi, wancan gefen sai kallo. Wanda ya dace ya samu, wani lokaci zai iske an haɗa shi da gidaje da dama a kan adireshin intanet ɗaya, na'urar gem ta riƙa ƙin shigar da shi wasan abokansa ko ta hana su jin muryarsa. An tanadi maganin wannan ma: adireshi naka na kanka, a kan wasu 'yan fam duk wata. Gwamnati kuwa ta tsaya musu tsayin daka. A 2019 Boris Johnson ya yi alkawarin faiba ta isa kowane gida zuwa 2025, a watan Nuwamba na 2020 aka sassauta zuwa kashi 85 cikin ɗari, tun kafin nan ma an yarda a lissafa kowane layi mai iya kai gigabit ko da ba faiba zalla ba ne.

Akwai wani buri da yaranmu na nan ke da shi wanda ke taɓa zuciyata, wato su buga ƙwallo da ɗan baffansu da ke Kano, su yi ta musu da Hausa a kan wa ya iya. Ga yaron da aka haifa a Woolwich, ta nan ne harshen ke shiga bakinsa ba tare da an tilasta masa ba. To haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan. Kebul ɗin Glo-1 da ya taso daga Bude a Cornwall ya bi ƙarƙashin teku zuwa Legas ya kusa kilomita 10,000. Zuwa da dawowa kaɗai ya cinye kusan milisakan 100, kafin a fara maganar hanyar Legas zuwa Kano da eriyar waya da ɗaukewar wuta. Duk inda kwamfutar wasan take, ɗaya daga cikin yaran nan biyu yana nesa da ita. A watan Maris na 2024 da kebul huɗu suka lalace a tekun yammacin Afirka, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, babu gigabit ɗin Landan da ya tsinana wa kowa komai. Mai sayarwa da ya ji uba yana faɗin wannan buri, ya san kayansa ba za su biya shi ba, amma saboda tausayi ba zai kashe masa gwiwa ba. Zai karɓi lambar asusunsa na banki.

In wata 24 ya cika, rangwamen farko ya ƙare, kuɗi ya yi sama. Sai da Ofcom ta tilasta musu a watan Fabrairu na 2020 suka fara sanar da mutum cewa wa'adinsa ya kusa. Tsarin sauya kamfani da kira ɗaya, wanda aka ce su kammala a watan Afrilu na 2023, bai fara aiki ba sai Satumba na 2024, don ba sa son rabuwa da masoyansu da gaggawa. A watan Yuli na 2023 Ofcom ta buɗe bincike kan Virgin Media saboda koke-koken masu son fita da ke cewa ana wahalar da su a waya. Mutumin Thamesmead zai dawo daga aikin dare, ya zauna a bakin gado da takardar banki a hannu, ya kira ya ce shi kam ya gaji zai tafi. Za a sa masa kiɗa ya saurara, a miƙa shi ga wani, wanin ya miƙa shi ga wata. Ita ce za ta gano, cikin ikon Allah, wani rangwame da jiya babu shi, na musamman saboda daɗewarsa tare da su, haɗe da sabuwar rauta da aka ce don 'yan gem aka ƙera ta. Sharaɗin ɗaya ne tak, ya sake sa hannu kan wata 24, kuma ƙarin farko zai zo a ƙarshen Maris.